Jimlar da Yaya Hajara Ba Ta Ƙarasa Ba

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata Hajara, kuma har yanzu in na ji ƙarar birki sai ranar ta faɗo mini a rai. Mota ɗaya muka shiga daga Doguwa za mu Tudun Wada. Ni na fita da karaya a kafaɗa, ita kuwa Allah Ya karɓi abinSa.

Masu karatu su yi mini uzuri, da abin dariya zan tuna ta. Ina aji uku a sakandare na so rubuta labari, amma da na buɗe littafi sai tsoro ya rufe ni. Sai Yaya ta ƙirƙiro gasa: kowacce ta kawo jimlar buɗe labari mafi muni. Alƙaliyarmu ita ce kakarmu Inna. Tana ɓarar gyaɗa muna karanta mata, wadda ta sa ta ce "Tir!" ita ke cin rake.

Yaya ce gwana. Ita ce mai cewa: "Wata rana, ba Talata ba, don ran Talata akuyarsu ta haihu, Bala ya faɗa soyayya kamar guga a rijiya." Inna ta ce, "Tir! Ja'ira, bokon ke nan?"

Yaya takan ce mini, "Ke dai fara da mummunar, Ladi. Da rarrafe yaro kan tashi."

Yanzu 'yan littattafan soyayya sun cika kasuwarmu. Nakan tsaya in leƙa shafin farko, in ce ina ma tana nan. Da ta rantse an sace mata sana'a, ko gaɓar rake ba a ba ta ba.

A motar ma gasar muke. Yaya ta ce, "Saurari wannan: Ta yi murmushi, haƙoranta suka bayyana kamar..." Sai taya ta fashe.

Kamar me? Tun ranar ban sake riƙe biro ba.

Shekaranjiya na daure na zauna gefen Inna, na maimaita mata jimlar Yaya, na ƙarasa: "...kamar masarar da ɓera ya fara ci." Inna ta ce, "Tir!" Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. "Ta Hajara da ta fi wannan muni. Amma je ki sayo raken."

Yaya ba ta bar littafi ba, ko shafi ɗaya. Yadda ake farawa ta bar mini, ga shi kuwa na fara. Allah Ya kai haske kabarinta.

Raken dai na sayo. Sai da na ajiye wuƙa na lura gida uku na yanka shi.