Wayar Kaka Ba Ta San Kawu Ya Rasu Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Habibu, ƙanen mahaifiyata, amma har yau ya fi ni samun saƙo a waya.

Mai binciken ƙwaƙwalwa ne a wata cibiya a Manchester. Ɗakinsa na unguwar Withington kuwa, takardu ne masu gida, shi ɗan haya. Sai ka yi iyo kafin ka kai kujera. Ya taɓa gaya mini cewa a aikinsu ba yawan rubutu kaɗai ake dubawa ba, har da sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a cikin nasu. Wata Sallah da ya zo wurinmu a Birmingham, ya saita wayar Kaka ta riƙa ƙara duk lokacin da aka ambace shi, don ta daina cewa wasa da ɓerayen gwaji yake yi a jami'a.

Wayar na nan tana aikinta. Da ta yi ƙara, Kaka za ta kira ni in karanta. Idan na ce daga Japan ne, sai ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a, har da iyayensu. Rabin masanan duniya sun ci albarkacin wata tsohuwa a unguwarmu ta Erdington ba su sani ba. A wurinta, wannan ce sadakarsa mai gudana.

Bana ƙarar ta yi yawa. Na buɗe takardun don in samu na fariya a makaranta, sai na tarar yawancinsu cewa suke sababbin na'urori sun nuna Kawu ya yi kuskure a kan barci da mantuwa. Ashe ƙidayar ambato ba ta bambance yabo da gyara. Da yana nan, haushi zai ji, ko dariya zai yi ya sake sabon gwaji? Ban sani ba. Tsorona kada in raba Kaka da ɗan abin da ya rage mata na ɗanta.

Na yi ta ɓoyewa, har ta lura muryata ta yi sanyi.

"Ke ja'ira, me suka ce?"

"Kaka, wai bai yi daidai ba."

Sai ta ce, "Sai da suka karanta aikinsa kafin su ce haka?"

"Tas, har ƙarshe."

"To madalla. Baƙi ma sun zauna sun karanta. Ke da kike jininsa, shafi nawa kika karanta?"

Ko ɗaya. A ranar na fara, kuma har yanzu ban wuce gabatarwa ba. Amma Kawu, Allah ya jiƙanka, ka shirya, ni ma na kusa samun abin da zan yi maka gardama a kai.