Dara a Kan Kiret ɗin Ƙwai

Shekaruna saba'in da tara a bana. Abin da zan faɗa kuwa ya auku ne damina biyu da suka wuce, sa'ad da 'ya'yanmu suka yanke shawara, ba tare da sun tambaye mu ba, cewa tsofaffi ma sai an cusa su cikin waya.

Magatakardan kotu ne ni har na ajiye aiki, kuma tun kafin in ajiye ina da mazauni a gindin tsamiyar da ke bayan gidana a nan Zuru, inda ake dara. Wanda bai san dara ba, ga ta a taƙaice. Gurabe talatin ake haƙawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi shida. Ɗaya ya riƙi tsakuwa goma sha biyu, ɗayan kara goma sha biyu. A dasa su duka, sa'an nan a shiga turawa gurbi-gurbi, wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Uku, ba huɗu ba. A gindin tsamiyarmu wanda ya jera huɗu ya faɗi nan take, kuma sai ya durƙusa ya shafe wurin da hannunsa ya sake haƙa guraben, jama'a na kallo. Shekara arba'in da 'yan kai gwiwata ba ta taɓa ƙasar nan ba, kuma babu wanda bai sani ba a unguwar.

Abokin karawata tsohon soja ne, mutumin Manga, kowa Saje yake ce masa. Ni da tsakuwa, shi da kara. Kowace Lahadi in an tashi daga coci ya ci tuwo, sai ya hawo kekensa ya iso daidai na idar da la'asar. Karansa na farko a kusurwa yake dasa shi, ya dube ni ya ce, "Malam, alƙalami ba zai cece ka ba yau." Ni kuwa in ce, "Saje, a nan ba a yin fareti, tunani ake yi." Doka a wurinsa ba abin wasa ba ce. Ya taɓa korar wani baƙo daga Wasagu saboda ya jera huɗu ya ƙi durƙusawa, ya raka shi da faɗa har bakin titi.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a Fatakwal, ta zo ta tafi da shi.

A wannan lokacin ne 'ya'yan tsofaffin unguwar, waɗanda suka watsu birane, suka fito da abin da suke kira wasa ta kiran bidiyo. Na leƙa na gani, don kada a ce na yi hukunci ban saurari shaida ba. Akwai ludo, inda mutum ke danna gilashi, wata ƙwaya mai ɗigo-ɗigo ta yanke masa abin da zai yi. Akuya ma in ta taka wayar tana iya cin babban limami. Akwai karta da ba ka riƙe ta, ba ka ganin idon wanda ke ɓoye maka tasa. Mafi muni shi ne wanda ake kwaikwayon dabba, sauran su canka. Da idona na ga tsohon hedimasta, wanda ya horar da rabin garin nan, yana kaɗa hannuwa kamar zakara gaban wata 'yar waya, jikokinsa suna ƙyalƙyala dariya cikin ƙananan akwatuna huɗu. Na juya na koma gida.

Saboda haka da 'yar Saje ta kira ta ce mahaifinta na son dara da ni, ban yi murna ba, amma ban ƙi ba. Telan da ke ɗinki kusa da tsamiyar shi ya ba da wayarsa, ya jingina ta da saiwa ya tokare da bulo. Aka shirya cewa ni zan haƙa gurabe a nan, su ma suna da nasu a can. In na tura tsakuwa in faɗa, in Saje ya tura kara ita ta faɗa, kowa ya gyara nasa.

Na ce ta nuna mini guraben nasu. Ta ɗago kiret ɗin ƙwai.

"Baba, ramukansa talatin ne cif, biyar sau shida. Ga marafan kwalba, ga ashana."

Na ƙirga. Talatin ne, ban iya musu ba. Amma dara a kan mazaunin ƙwai, da marafan lemo! Na haɗiye, saboda fuskar Saje ta fito, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, yana dubana yana murmushi. Kiret ɗin kuwa aka mai da shi ƙasa inda ba na ganinsa. Fuskarsa kaɗai nake gani, muryarta kaɗai nake ji: "Baba ya ce layi na biyu, rami na uku."

Na ci Lahadin farko. Na ci ta biyu, na ci ta uku. Tela yana ta yi mini barka, ni kuwa cin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. A shekara arba'in ban taɓa cin Saje sau uku a jere ba. Karan farko bai sauka a kusurwa ba ko sau ɗaya. Babu wanda ya ambaci alƙalami. Wanda ya daɗe yana rubuta maganar shaidu ya san bambancin mai faɗin abin da ya gani da mai faɗin abin da aka shirya masa. Tambayar da ta hana ni sakewa ita ce, shin abokina yana nan cikin wannan fuskar, ko hotonsa kawai aka jingina mini?

A Lahadi ta huɗu ta ce, "Baba ya tura na tsakiya. Ya jera, zai ci ɗaya."

Na tura karan kamar yadda ta faɗa, na duba. Huɗu ne a layi.

"'Yata," na ce, "wa ya tura wannan?"

"Baba mana."

"Mahaifinki ya kori mutum har bakin titi a kan huɗu. Ke kuwa a waya kika karanta dara, kuma wanda ya rubuta ta bai taɓa zama a ƙasa ba. Wa ya tura?"

Sai ta ɗauki wayar ta fita baranda, ta rage murya. "Baba, ka gafarce ni. Tun da ya tashi daga ciwon ba ya bin lissafi, magana ma sai da ƙyar. In ya ga fuskarka ne kawai yake cin abinci sosai. Ko mu koma ludo? Dannawa kawai zai yi, ba sai ya yi tunani ba."

"Sojan da ya ba ni wahala shekara arba'in ne zai koma danna gilashi? Kin ba shi ashana da mazaunin ƙwai, sa'an nan kika yanke cewa hankalinsa ya tafi. Ni ma da su aka ba ni, da ban gane kaina ba."

Washegari na zaro kara goma sha biyu daga dangar gidana na yanke su daidai, na tsinci tsakuwa goma sha biyu, na ɗebi ƙasar gindin tsamiya a ƙaramin buhu. Na kai tasha na danƙa wa direba. Ya tambaye ni ko magani ne. Na ce masa ya tuƙa motarsa.

Lahadi biyu bayan haka ta zuba ƙasar a babban faranti, ta haƙa gurabe, ta ɗora masa a cinya, ta ajiye wayar inda nake ganin hannunsa. Ya daɗe yana murza ƙasar da yatsun hagu. Ya ɗauki kara ya dasa a kusurwa. Tela ya tafa, na ce ya natsu. Hannu kan tuna abin da kai ya manta, wannan ba hujja ba ce. Sauran karan ya dasa su a warwatse, wasu ma sai da ta riƙe masa wuyan hannu.

Hanya ɗaya ta rage mini, kuma na san abin da za ta ci mini. Ina da tsakuwa biyu a layi, gurbi guda a buɗe, sa'an nan wata guda. Na tura ta huɗu cikin gurbin, na ce ta gyara a farantinsu.

"Baba, ai wannan..."

"Tura, na ce."

Tela ya sunkuyo. "Malam, mutane fa na kallo." Ban dube shi ba. In Saje ya yi murmushi kawai, to na zubar da sunana a banza, kuma na san ba ni da sauran abokin dara.

Ta tura. Saje ya dubi farantin. Ya ɗora yatsa kan tsakuwa ta farko, ta biyu, ta uku, ya tsaya kan ta huɗu. Murmushin ya ɓace. Ya tsince ta ya yi jifa da ita, na ji ta bugi wani abu a ɗakin. Ya ɗago kai, harshensa da nauyi, amma kowa ya ji.

"Huɗu. Malam, durƙusa."

Na tuɓe hulata na miƙa wa tela, na naɗe hannun riga, na durƙusa. Na shafe ƙasar da tafin hannuna na shiga haƙa. Ina gurbi na goma sha bakwai wayar ta ɗauke, kamar yadda ta saba yi a duk inda ake bukatarta. Ban motsa ba. Can ta yi ƙara, 'yar Saje ce, tana magana tana jan hanci: Baba ya ce bai ga sauran goma sha ukun ba, kada a cuce shi. Na haƙa su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, na takwas ma ya ce bai yi zurfi ba, na sake.

Har yau ba na ganin wayar da daraja, ludo kuwa ko a ƙofar gidana ba a yin ta. Amma kowace Lahadi bayan la'asar ana jingina ta da saiwa, kuma daga wannan rana zuwa yau Saje ya ci ni sau biyu da hannunsa.

Wanda ke shakkar cewa na durƙusa, ya tambayi telan, hulata na hannunsa. Tsohon hedimastan nan ma yana tsaye da lemarsa, haka mai sayar da gyaɗa ta bakin lungu, ga kuma 'yar Saje a Fatakwal, wadda ta ce sai bayan kwana uku ta gano tsakuwar a ƙarƙashin firji.