Rijiyar da na zaɓa wa mahaifina

Shekarun baya kaɗan, ina sabon malami a makarantar ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta, na ji wani shiri a rediyo da ya hana ni sakat. Wai akwai wani wata da ke kewaya duniyar Zuhal, ƙanƙara ta lulluɓe shi ruf, amma a ƙarƙashinta teku ne. Masana ba su taka wurin ba, na'urar da suka harba ce ta hango ruwa yana feshi ta tsagar ƙanƙarar. Duk wanda ya gaishe ni a makon nan sai ya sha labarin, har mahaifiyata ta fara cewa in bari ta sauke tukunya tukuna.

A ranin nan unguwarmu ta shirya haƙa sabuwar rijiya. Mahaifina ne mai haƙar rijiya a yankin, kuma da abu ɗaya aka san shi, bai taɓa haƙa wadda ta ƙi ba da ruwa ba. Ya zagaya, ya nuna kusa da wani tsohon ɓaure. Ni kuwa kaina ya riga ya ɗau zafi. Na ari wayar abokina, na buɗe hoton ƙauyenmu da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, na ga wani wuri baƙi ƙirin a bayan gonar mai unguwa, na ce wannan danshi ne. Na tsaya gaban dattawa na ce mutanen da suka gano ruwa a wata duniya ba za su kasa gano na ƙauyenmu ba. Dattawa suka bi bayan ɗan boko.

Mahaifina ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Baba, kimiyya ce."

Sai ya ɗauki digarsa.

Rana ta biyu da fara aiki, mahaifiyata ta kawo kunu, ta ce ikon Allah, ashe akwai ruwa a inda ake jibge taki kafin a kai gona. Nan take na gane. Baƙin da na gani a hoto taki ne da toka, ni da na sha kai su wurin a kan jaki. Na so in yi magana, kunya ta rufe mini baki.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Kullum da na tashi daga makaranta sai bakin ramin, ina jawo gugan ƙasa, ina cusa hannu ko zan ji sanyi. Gaba takwas, ƙasa a bushe. Gaba goma sha ɗaya, diga ta fara tartsatsi a kan dutse. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma kowa ya san idan ruwan sama ya sami ramin da ba a ɗaure bangonsa ba, ruftawa zai yi. Nakan leƙa in hango furfurar mahaifina can ƙasa. Tsoro nake ji ƙwarai, na ransa da na sunansa.

Ranar da aka haƙura, mai unguwa ya tambaya a gaban jama'a wa ya jawo wannan asarar ƙarfi. Kafin in buɗe baki mahaifina ya ce, "Ni na sa diga. Da ban yarda ba, da ban shiga ba."

A hanyar gida na ce ya yafe mini. Ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, "Su masu watan naka, sun taɓa ruwan da hannunsu?"

Na ce a'a, daga nesa suka gano.

Ya ce, "To, Allah ya sa idan za a haƙa, kada su tura uban wani."

Har yau ina bibiyar labaran sararin samaniya, kuma masanan ba su yi mini ƙarya ba, ni ne na ɗauki aikinsu na shekaru na yi shi cikin minti biyar. Mahaifina ya ci gaba da samun aiki bayan nan. Amma idan ana yabonsa yanzu, sai a ce duk rijiyoyinsa sun ba da ruwa, ban da guda ɗaya. Wannan guda ɗayar tawa ce, shi kuwa har ya ajiye diga bai taɓa gyara wa kowa zancen ba.