Yadda Na Sare Gawo Bakwai da Ransu

Bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni, don a unguwarmu akwai masu ba da labarin nan da ƙari har su ce daji guda na share. Ƙarya suke yi. Bishiya bakwai ce kacal. Na sare su da adda, da hantsi, ina waƙa, kuma ina jiran a yi mini godiya. Har yau in na bi ta wurin masu faskare na shaƙi ƙamshin ɗanyen icce, sai in sunkuyar da kai kamar an kira sunana a gaban taron makaranta.

A birnin Sakkwato aka haife ni, a gidan haya wanda abin da ya fi kama da bishiya a cikinsa shi ne turken wutar lantarki. Ina da shekara goma sha biyu aka yi wa babana canjin wurin aiki zuwa nesa, sai ya kawo ni Wurno wurin kakannina in ci gaba da karatu. Na iso da takalmi mai igiya da baki mai yawa. Ban san bambancin gero da dawa ba sai sun zama tuwo, amma ina ganin na fi duk yaran unguwa wayo.

Kakana tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Tun da ya bar aiki ya ɗauki lambun unguwarmu ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi. Kada ka ji na ce lambu ka zaci wani abin kallo ne. Fili ne a bayan makarantar firamare, da itatuwan dogon yaro manya guda tara, da kujerun siminti huɗu, biyu sun tsage, da wani lilon ƙarfe da mazauninsa ya ɓace tun kafin a haifi mahaifiyata. Daga cikinsa wata hanyar ƙafa ta jar ƙasa ta gangara, ta ratsa titi, ta nufi fadama. Ta nan masu albasa da shinkafa ke bi da safe. Da yamma kuma tsofaffi su zauna a kujerun, yara su yi langa, wata malamar asibiti, Kirista 'yar Zuru, ta sa takalmin gudu ta yi ta kai da kawowa a hanyar tana lilo da hannu. Mutane sun daɗe suna tambayarta abin da ta yar take nema.

Kullum bayan sallar asuba kakana zai fita da tsintsiyar kaba da buhu. Ya share, ya tsince leda, ya jera fasassun bulo a inda ruwa ke cin hanya, ya shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa. Awaki su ne abokan gabarsa. Akuyar da ta hango hularsa daga Achida ma sai ta canza hanya.

A ƙasan lambun, daga kujera ta ƙarshe zuwa bakin titi, ya dasa gawo bakwai a jere a gefen hanya. Shekara shida yana renonsu. Lokacin da na zo kaurin kowanne ya kai taɓarya, tsawonsu ya wuce katangar makaranta. Wannan wurin ne 'yan kabu-kabu suke so. Sun daɗe suna tsayawa da baburansu a bakin titi, rana na dukansu, suna roƙon mai unguwa ya ba su ƙasan lambun su kafa rumfa. Mai unguwa kuwa maganarsa ɗaya ce: inda duk icce mai rai yake tsaye, ba mai taɓa wurin. Amma ya yi alkawarin zai zo ranar Juma'a bayan masallaci ya duba da idonsa.

Damina ce ta yi tsakiya. Ko'ina kore shar, har kan katanga ciyawa ta fito, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi ba sa barin kowa ya ji kiran salla da kyau. Itatuwan nan bakwai kaɗai suka tsaya tsirara, fari fat, ba ganye ko ɗaya, sai ƙaya. Ranar Talata muna shara, shugaban 'yan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa, wani dogon mutum mai dariya kamar injin niƙa. Ya gaida kakana har ƙasa, sannan ya nuna itatuwan da haɓa.

"Baba, waɗanga gawawwakin naka, yaushe za a yi musu sutura? Ka bar su tsaye cikin ruwa!"

Kakana ya yi murmushi ya ce, "Tahi ka nemi hwasinja, ɗan nema."

Su biyun sun san wasa ne, gawo da gawa. Ni kaɗai ne ban sani ba. Na dubi itatuwan, na ga lallai matattu ne. Na dubi kakana, tausayinsa ya kama ni: tsufa ya sa yana gadin gawa bai sani ba, ga mai unguwa na tafe, za a yi masa dariya a gaban jama'a. A ranar na yanke shawarar ceton mutuncin gidanmu.

Washegari kakana ya tafi Rabah ta'aziyya. Unguwa ta watse, kowa yana gona. Na zaro addarsa daga bayan rumbu na gangara. Wanda bai taɓa saran gawo ba bai san faɗa ba. Ƙayarsa ta kama rigata, ta kama wandona, ta kama kunnena, har na fara zargin itatuwan sun haɗa baki. Wata tsohuwa ta wuce da ƙwaryar fura ta ce mini sannu da aiki, tana zaton aiko ni aka yi, ni kuma na amsa da ƙarfi kamar wanda ya gina asibiti. Na lura cikin iccen jiƙe yake, yana manne wa adda, yana wani ƙamshi. Na ce a raina ruwan sama ne ya shige shi. Kafin azahar bakwai ɗin suna kwance, na ja su gefe na tara, na share wurin tsaf. Har kututturan na shafa wa farar ƙasa don su yi kyau.

Da la'asar na tare kakana tun daga bakin titi don kada wani ya riga ni karɓar yabo. Ya sauko daga mota, ya ɗaga kai, ya tsaya. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai nemi sanda ba. Ya taka a hankali zuwa kututture na farko, ya tsuguna, ya ɗora tafinsa a kai, ya daɗe. Da ya ɗago hannun, na ga danshi a tafin.

"Aboki," ya ce, don haka yake kirana, "wa yas sa ka?"

"Ba kowa. Na ɗebe maka gawawwakin ne kafin Juma'a."

Ya dube ni, ya dubi tarin itacen, ya sake dubana. Sannan ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da fararen kayansa na ta'aziyya, ya ce in zauna. A nan ya gaya mini abin da duk ɗan akuya a Wurno ya sani. Gawo ba ya bin sauran itatuwa. In ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, in rani ya shigo kowa ya bushe sai shi ya yi kore. Don haka ya zaɓe shi ya dasa a bakin hanya. Da damina hanya rana take so ta busar da ita, kada ta zama taɓo. Da bazara, lokacin da masu albasa ke hawowa daga fadama da kaya a ka, ƙasa na ƙona ƙafa, lokacin ne take son inuwa. Ya ce bana ne ya sa ran inuwarsu za ta fara haɗuwa.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. A gida kakata ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ci, maigidana, ka yi aiki. Gobe sai ka tahi ka kashe muna kaji, na ga suna barci." Ta yi dariya, amma na ga ta leƙa ɗakin kakana sau uku, don ranar bai taɓa abincinsa ba.

Juma'a ta zo da sauri kamar an tura ta. Mai unguwa ya iso da mutanensa, 'yan kabu-kabu sun jera babura, malamar asibiti ma ta tsaya da takalmin gudunta. Mai unguwa ya dubi kututture bakwai masu farar ƙasa kamar an yi musu kwalliyar salla.

"Malam, mi ya hwaru nan?"

Kakana ya dube ni, ya kau da kai. Ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai miƙa ni ba. Ƙafafuna suka ce mu gudu Goronyo, amma bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya riga su.

"Ranka shi daɗe, ni na sare su. Da ransu. Na ji an ce gawawwaki ne."

"Wa yac ce?"

Na nuna shugaban 'yan kabu-kabu. Mutumin ya zare ido, ya dafe ƙirji, sai kuma abin ya faɗo masa. Ya fashe da dariya har ya jingina da babur, babur ya faɗi, ya bi shi. Jama'a suka ɗauka. Mai unguwa ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na motsi. Kakana kaɗai bai yi dariya ba, kuma da shugaban ya lura da haka sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Baba, Allah shi ba ka haƙuri. Wallahi wasa nika yi." Ya juya wurin mai unguwa. "Amma ranka shi daɗe, mu ma rana tana cin mu. Kuma ga shi, babu icce tsaye."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa. Malamar asibiti ta ce ita dai ta san masu hawan jini nawa ta turo su riƙa tafiya a hanyar nan, in babura suka cika bakinta ba mai zuwa. Kakana ya ce saiwar gawo tana da nisa, wanda aka sare yakan tofo in awaki sun bar shi. Sai mai unguwa ya yanke: a jira har a gama yankan gero. Kututturen da ya tofo, wurinsa na lambu ne. Wanda bai tofo ba, wurinsa na masu babura.

"Kai kuma ɗan birni," ya ce da ni, "kai ad da gadi."

Wata biyu na yi ina yaƙi da awakin Wurno. Na jawo ƙayar magarya da ta aduwa na kewaye kowane kututture, hannuwana suka koma kamar na wanda ya yi dambe da bushiya. Kafin makaranta ina can, bayan makaranta ina can. Akwai wata jar akuya mai karyayyen ƙaho da na tabbata an turo ta ne musamman. Takan tsaya nesa tana tuƙa tana kallona, tana jiran in shiga bayan gida. Yaran unguwa suka sa mini suna mai wankan gawa. Kakana bai ƙara tayar da maganar ba. Sai dai kowace safiya in ya gama shara, yakan bi kututturan ɗaya bayan ɗaya ya tsuguna ya duba, ni kuma ina bayansa ina duba fuskarsa.

Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero. Wata safiya kakana ya kira ni da hannu ba tare da ya juyo ba. A gefen kututture na biyu, ƙarƙashin ɓawo, wasu 'yan ganye ne ƙanana kamar gashin tsako. Na yi ihu har liman ya leƙo ta katanga.

Yanzu shekarata goma sha bakwai. Gwiwoyin kakana sun ƙi, iyakarsa kujera ta farko, daga nan yake ba da umarni da sanda. Ni ke shara ranar Asabar da Lahadi, tare da wasu abokaina biyu da nake biya da labari. Leda ta ƙaru, yaran da ke langa sun koma zama a kan kujeru suna kallon waya, amma an gyara kujera ɗaya, masu tafiyar yamma kuma sun kai goma, har da liman.

Huɗu ne suka tofo, na sama. Ukun da ke bakin titi ba su tofo ba. Kakana da kansa ya riƙe igiya aka auna wa 'yan kabu-kabu wurin, suka kafa rumfar kwano, tana nan har yau.