Surukina a Bencin Gaba

Ni matsoraci ne, amma Allah ya hore mini iya raɗa wa tsorona suna mai kyau. Wanda na ji a Gwarzo na sa masa suna sabuwar dabarar koyarwa, har aka tafa mini a taron malamai.

A shekarun nan ne da aka dawo da Shari'a, gwamnati kuma kullum tana kukan babu. Aka ce duk malamin firamaren da ba shi da takardar kwalejin ilimi, ko ya samo ta ko ya koma gida. Kwalejinmu ta buɗe reshe a Gwarzo, ana karatu Asabar da Lahadi a azuzuwan aro na wata sakandare, aka tura ni in koyar da kwamfuta. Ranar farko na shiga aji ina taku ɗai-ɗai, na ajiye jaka, na ɗago kai. Surukina na gani a bencin gaba, da babbar riga da sabon biro.

Hedimasta ne a wani ƙauye bayan Kabo, ta wajen Garo. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na je gaisuwa, a ƙofar zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa daga nesa, mu gaisa yana kallon bango ina kallon tabarma. Ko gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba. Sunansa kuwa, yaron maƙwabtanmu mai irinsa ma da laƙabi nake kiransa. Ga shi yau ni ne a tsaye a kansa, da takalmi sau-ciki, zan yi kiran suna. Da na zo kan nasa sai na yi tari na wuce.

Haka muka ci makonni. Maza na zaune a dama, mata a hagu, shi kuma yana dama, don haka duk darasin hagu nake fuskanta. Sai da wata Hajiya daga Getso ta tare ni a baranda ta ce, "Malam, lafiya dai? Mu ma fa da mazajenmu." Daga nan na koma koyar da allo, ɗalibai suna sauraron ƙeyata.

Shi bai taɓa ɗaga hannu ba, ni ban taɓa tambayarsa ko ya gane ba. Matata ce ta je gidansu ta dawo jiki a sanyaye. Ta ce ta tarar da shi ya zana madannan kwamfuta a jikin kwali, yana danna su da yatsa ɗaya. Saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya da mutuncinsa, in kuwa ya faɗi darasina za a sallame shi kafin lokaci. Ba ta roƙe ni komai ba, tuwo kawai ta ajiye mini da ɗan ƙarfi.

Sai na tuna wani abu da aka nuna mana a taron bita a Kano. Wata duniya ce a cikin intanet, da gidaje da bishiyoyi da azuzuwa. Kowa zai shiga da mutum-mutuminsa, ya yi tafiya, ya zauna, ya yi magana. Na je wurin shugaban reshe na zuba masa Turanci a kan makomar ilimi, har ya miƙe ya ba ni hannu. Ban gaya masa cewa abin da ya fi burge ni a makomar ilimi shi ne malami zai iya koyarwa daga bayan kabad ba.

Kwamfutocinmu ba su da yawa, karɓa-karɓa ake yi, janareto kuma sai an lallashe shi. Muka rataya farin zanin gado a bango, majigi yana haska abin da ke faruwa don kowa ya gani. Ɗalibai suka raɗa wa mutum-mutumin suna wakili. Mata suka ce ba za su shiga ba sai an suturta nasu, muka wuni muna neman dogayen riguna da ɗankwali. Nawa wakilin dogo ne mai faɗin ƙirji, ba tumbi, ba sanƙo, wato ba abin da ya ɗauko nawa. Na sa masa doguwar riga da wasu manyan takalma, na ja teburina bayan kabad na zauna cikin kwanciyar hankali.

Da layi ya zo kan surukina, wakilinsa ya fara da karo da bango. Ya juya, ya yi karo da bishiya. Sannan ya miƙo hanya sak, bai tsaya ba sai da hancinsa ya kusa taɓa na wakilina. Nawa kuwa yana tsaye ƙiƙam, ƙirji a buɗe, ido cikin ido, da takalmi. Na lalubi yadda ake durƙusawa, babu. Akwai zama, akwai rawa, akwai tashi sama, amma wanda ya ƙera duniyar nan da alama ba shi da suruki. Na ce to ko takalmin in cire. Na danna wurin tuɓewa, ashe maɓallin tuɓe duka na danna.

Intanet ɗin da ke shekara kafin ya buɗe shafi ɗaya, wannan umarnin nan take ya cika shi. Da na nemi mayar da rigar kuma sai ya daskare. Wakilina ya tsaya a jikin zanin gado, girmansa ya kai na ƙofa, daga shi sai ɗan kamfai, a gaban matan aure da uban matata, a garin da ko kiɗan biki sai an yi shawara.

Ta gefen kabad na hango mata sun ja hijabi sun rufe fuska, kafaɗu na rawa. Surukina ya yi gyaran murya, idonsa a kan zanin.

"Wakili," in ji shi, "takalmin kaɗai ma ya wadatar."

Dariyar da aka yi har maigadi sai da ya leƙo. Shi bai yi ba. Ya jira ta lafa, ya ci gaba da magana da zanin gado.

"Tun da ka saki jiki da mu haka, bari in tambaye ka. Wannan 'yar kibiyar da ke guje mini, yaya ake kama ta?"

Daga bayan kabad na ji muryata tana cewa, "Baba, wakili ya ce a kwantar da tafin hannu a kan linzamin da ke tuƙa kibiyar, kada a ɗaga shi sama."

"To, madalla. Ka ce masa ya ƙara faɗa a hankali."

Tun daga ranar ya zama sarkin tambaya. Yakan ce, "Wakili, jiya ka yi sauri," ko "Wakili, wannan bayanin naka bai fita ba." Ni kuma in ce wakili ya ba da haƙuri. Tsofaffin malaman nan ba wanda ya taɓa nuna ya san mutum biyu ne ke magana a ɗaki ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu. Da jarrabawa ta zo, na roƙi wani abokin aikina ya duba takardun, don na san hannuna ba zai iya jan biro a kan takardarsa ba. Ya ci da guminsa, ba yabo ba fallasa, ya riƙe kujerarsa har ritaya.

Ranar darasin ƙarshe ya yi jinkirin tashi har aji ya watse. Ina bayan kabad ina jiran ya fita in fito. Na ji ya ja benci kusa da zanin.

"Wakili, ka gaya wa maigidanka ina ganin riƙon da yake yi wa yarinyar nan. Na daɗe ina so ya sani, ban sami ɗan aike ba."

Ni da na cika kunnen shugaban reshe da Turanci, ina ta laluben abin da wakili zai ce, har surukina ya ɗauki bironsa ya fita.

Reshen bai daɗe ba aka rufe shi, kwamfutocin aka kwashe. Muka koma yadda muke, shi da bango, ni da tabarma. Sai dai duk Sallah, in mun gama doguwar gaisuwa na yunƙura zan tashi, yakan ce, "Ya wakili? Ya samu sutura?" In ce, "Ya samu, Baba." Iyakar hirarmu ke nan har Allah ya karɓi abinsa. Ina kewarsa ƙwarai, kuma har yau wakili bai kai masa amsa ba.