Ranar da Na Shiga Aji Ni Kaɗai

Sanƙarau ne ya kashe mini kunnen hagu a shekarar da fari ya koro mutane zuwa Yamai, na dama kuma ya bar mini rabi. Babana, wani tela mai zafin zuciya, ya ce kada in gaya wa kowa, ba ya so a ce ɗansa kurma ne. Na riƙe maganarsa har na shiga jami'a.

A amfi, babban zauren darasi, kullum ina layin gaba ina kallon leɓen malami. Da ya juya wajen allo yana magana, shi ke nan, darasi ya wuce ni. Wata 'yar ajinmu daga unguwar Gamkalley ce ke ara mini kayenta, wato littafin rubutunta, in kwafi abin da na rasa. Ta ɗauka lalaci ne ke damuna.

Zamanin soja ne, ba mai ɗaga murya. Duk maganar da ke da nauyi da raɗa ake yin ta, ni kuwa raɗa ba ta isowa gare ni. Sai in gyaɗa kai in ce to.

Wata Laraba wani ɗalibi ya raɗa mini magana a bakin ɗakin cin abinci. Na ce to. Washegari na haye gadar zuwa jami'a da sassafe, na wuce motar sojoji a ƙofa, na tarar da amfi wayam. Na zauna na buɗe kaye. Malami ya leƙo, ya dube ni, ya juya. Ashe yajin karatu aka shirya.

Tun ranar, in na iso sai a yi tsit. Aka ce ɗan rahoto ne ni, ni da ko sunana aka kira daga baya ba na waigowa.

Yarinyar nan ta tare ni. "An gaya maka, ka ce to. Me ya kai ka?"

Gaskiya ta zo mini har baki, na haɗiye. Na ce, "Mantawa na yi."

Ta karɓe kayenta. Na faɗi jarrabawa, na maimaita shekarar.

Sai da ta kusa gamawa na gaya mata. Ta dube ni, ranta a ɓace. "Da ka faɗa, ai da na rubuta maka a takarda."

Sauran 'yan ajin kuwa sun watse cikin ƙasa ban gaya wa ko ɗaya ba. Har yau akwai wanda in mun haɗu a kasuwa yake gajarta gaisuwa.