Kwaɗo Biyu a Ƙofar Sitona

Akwai talabijin a shagona na unguwar Kudai a Makka, amma ba don ni aka saye ta ba, don kawuna ne. Tsohon direban bas ne, da ya ajiye aiki sai ya mai da kujerar bakin ƙofa ofishinsa. Ni ina sayar wa alhazai tabarmin roba da kulolin ruwan sanyi da lema, shi kuwa yana lura da duniya.

Wata rana bayan la'asar, hawan Arfa ya matso, ya kira ni.

"Zo ka ga wauta, ɗana. Wata ƙasar Turai ta yarda ƙawayenta su girke jiragen yaƙi a cikinta, har da makamai masu linzami na nukiliya. Wai don su kare ta."

Na ce, "Makullin makaman yana hannun wa, Kawu?"

"Hannun masu kayan mana."

"Idan abokan gaba suka tashi harbi, ina za su fara?"

"Inda kayan suke."

Na ce lallai mutanen nan ba su taɓa kasuwanci ba. Kawu ya dube ni ta saman tabarau.

"To, ɗakin bayan sitonka fa, makullinsa yana hannun wa?"

Na tashi na je sallamar mai saye, ko da yake babu kowa a shagon.

A shekarar na ƙulla ƙawance da wani Badamagare mai dafa wa alhazai abinci a Arfa. Abin ya yi mini rana. Motarsa na kai kayana, yana turo mini masu saye, kuma wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana yi mini zagon ƙasa ya ja da baya da ya ga mun zama biyu. Ana nan sai abokin nawa ya nemi wurin ajiya. A gidajenmu na Makka ba a ƙin ajiya. Alhaji kan bar jakarsa ya tafi Madina, ko ya koma gida ya shekara, ya dawo ya same ta a ɗaure yadda ya bar ta. Kakata ba ta taɓa tambayar abin da ke cikin jakar wani ba, a wurinta tambaya zargi ce. Na ba shi ɗakin, ya sa kwaɗonsa, ya tafi da makulli.

Da Kawu ya wuce masallaci na taka wata kular ruwa na leƙa ɗakin ta tagar sama. Tukwanen gas ne jere har rufi, a zafin Makka, bango ɗaya tsakaninsu da tabarmina. Lokacin kuma jami'an kashe gobara ke zagayen duba sito-sito kafin aikin hajji. In suka gani, sitona za su rufe, a watan da nake neman abincin shekara. Sunana ne a ƙofar.

Na kira Badamagaren a waya.

"Alhaji, ajiyar nan taka tana iya tashi da mu."

"Haba ɗan'uwa, ai kariya ce gare ka. Duk wanda ya san kayana na wurinka ya san ba kai kaɗai ba ne."

"Wuta ma ta san haka?"

"Bayan Arfa zan kwashe, in sha Allahu. Halas, magana ta ƙare?"

Ba halas ba ne. Amma ba ni da ikon fasa kwaɗonsa, ballantana in fitar masa da kaya titi. Unguwa za ta ce jikan wance ya wulaƙanta amana. Na faɗa wa Kawu komai. Ya ce a labaran da yake ji, wasu ƙasashen kan dage sai an yi makulli biyu, mai kaya ba zai harba ba sai mai gida ya yarda. Na ciro kwaɗo mafi girma a hajata, na maƙala a saman na Badamagaren.

Ba a daɗe ba abokin nawa ya zo da mota da safe, zai ɗibi gas ya gwada murhunsa a tantunan Arfa. Ya same ni ina shan shayi.

"Ɗan'uwa, wa ya sa wannan?"

"Ni ne. Tsaro na ƙara wa amanarka."

"To buɗe, kaɗan zan ɗiba."

"Makullina ba ya buɗe wa kaɗan, Alhaji. Duka yake buɗe wa."

Ya juya wajen Kawu. "Baba, ka yi masa magana mana."

Kawu bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Ni ba na cikin ƙawancen."

Direba na ta danna hon, masu girki na jiransa a Arfa. Ya dubi kwaɗon, ya dube ni, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Muka buɗe tare, kowa da makullinsa. Har na kama masa lodi, don ba faɗa muke ba.

Da jami'an suka zo, ɗaki suka samu fayau. Babbansu ya tambayi dalilin kwaɗo biyu a ɗakin da babu komai. Na ce ƙawance ne. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya wuce.

Har yau muna tare da Badamagaren, yana kuma kawo ajiya, sai dai shinkafa da faranti, kuma kafin in tambaya yake buɗe mini buhu. Kawu kuwa bai daina bibiyar ƙasar nan ba. Duk ranar da aka ambace ta sai ya leƙo cikin shago ya ce mini har yanzu ba ta sayi kwaɗonta ba.